Yadda Ake Gano Tushen Warin Baki Mai Naci da Yadda Ake Magance Shi

Warin baki yana cikin matsalolin da mutum kan shekara yana ɗauke da su ba tare da kowa ya faɗa masa ba. Hancin ɗan Adam yana saurin sabawa da warin da ke tare da shi kullum, don haka mai matsalar shi ne yakan zama na ƙarshe da zai sani, kuma kunya da kara suna hana na kusa da shi su buɗe baki su gaya masa. Sai dai ya lura cewa abokin hira yana ja da baya, ko wanda ke kusa da shi a mota yana kau da kai, ko matarsa ta riƙa miƙo masa kanumfari ba tare da ta ce komai ba. Daga ranar da ya gane, sai ya shiga sayen cingam da alewa mai minti, idan abin ya ƙi sai wani ya ce masa daga ciki ne, ya nufi kemis ya sayo maganin olsa. Wata da watanni suna wucewa, kuɗi yana tafiya, warin yana nan inda yake.

Dalilin wannan wahala shi ne an fara neman abin a inda ba ya nan. Likitocin haƙori sun daɗe da tabbatar da cewa a cikin kowane mutum goma masu warin baki mai naci, kusan takwas zuwa tara tushen matsalarsu yana cikin bakin ne kansa, ba a ciki ba. Saura kaɗan ne ke fitowa daga hanci da maƙogwaro, ƙalilan kuma daga wata cuta ta cikin jiki. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a bi abin daki-daki, a fara da inda ya fi yiwuwa, a ba kowane mataki lokacinsa kafin a wuce zuwa na gaba.

Yana da kyau a san abin da ke yin warin tun farko, domin wanda ya san shi ba zai ƙara ruɗuwa da masu tallar magani ba. A cikin bakin kowa akwai ƙwayoyin bakteriya masu yawa, kuma wasu daga cikinsu ba sa son iska, suna ɓuya ne a wuraren da iska da yawu ba sa isa sosai: can bayan harshe, da tsakanin haƙora, da ƙarƙashin dasashi. Abincinsu shi ne ragowar nama da madara da jini da majina da matattun ƙwayoyin fatar baki. Idan suka narkar da waɗannan abubuwa sai su fitar da iska mai sinadarin salfa, wato farar wuta, kuma ɗaya daga cikin irin wannan iska ita ce mai warin baragurbin ƙwai. Akasarin magani na gaskiya yana yin ɗaya ne daga cikin abubuwa uku: ya rage ƙwayoyin, ko ya hana su abinci, ko ya rushe maɓoyarsu. Abin da bai yi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, yawanci ƙamshi kawai yake ɗorawa a kan wari, kuma cikin 'yan mintuna ƙamshin zai gushe.

Mataki na farko: a tabbatar akwai warin, a kuma san irinsa

Ba kowane wari ne cuta ba. Wanda ake tashi da shi da asuba na kowa ne, saboda yawu yana raguwa sosai lokacin barci, kuma yana tafiya da zarar an wanke baki an ci abinci. Na tafarnuwa da ɗanyar albasa shi ma mai wucewa ne, sai dai yana da wata hanya ta daban: sinadarinsu yana shiga jini ya fito ta huhu, shi ya sa ko an goge baki sau uku yana iya kai wa yini guda yana fita. Haka ma na mai azumi, wanda bushewar baki da rashin taunawa ke kawowa. Wanda muke magana a kai shi ne wanda ke dawowa awa ɗaya ko biyu bayan an wanke baki, kullum, har tsawon makonni.

Hura iska a tafin hannu a shinshina ba ya nuna komai. Abin da ya fi shi shi ne a ɗauki ƙaramin cokali mai tsabta, a kankaro can bayan harshe a hankali, a bar abin da ya fito ya ɗan sha iska, sannan a shinshina. Ana kuma iya zura zare tsakanin turamen baya a fitar a shinshina. Amma gwajin da ya fi kowanne shi ne hancin wani mutum, kuma ko a asibiti da shi likitoci suka fi dogara. A nemi wanda aka amince da shi, miji ko mata ko ɗan'uwa shaƙiƙi, a roƙe shi ya faɗi gaskiya, a lokuta daban-daban na yini. Sannan a yi wannan ƙaramin gwaji mai matuƙar amfani: a rufe baki a fitar da numfashi ta hanci ya shinshina, sai kuma a toshe hanci a fitar ta baki. Idan ta baki kaɗai warin yake fita, matsalar ta baki ce ko maƙogwaro. Idan ta hanci ya fi fita, a hanci za a nema. Idan kuma iri ɗaya ne ta ko'ina, to akwai yiwuwar daga jini ko huhu yake tasowa, kuma wannan aikin likita ne tun daga farko.

Mataki na biyu: harshe

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin nan ne akasarin mutane ba sa taɓawa, alhali shi ne babban gidan warin. Saman harshe ba sumul yake ba, cike yake da ƙananan tsiro da ramuka kamar tawul, kuma kashi ɗaya cikin uku na can baya, kusa da maƙogwaro, ba ya goguwa da ganɗa ko haƙora yadda gaban harshe ke yi. Duk wanda ya tsaya gaban madubi da haske ya zaro harshensa sosai zai iya ganin wani farin datti ko mai ruwan ɗorawa a shimfiɗe a wurin. Mutum yana iya goge haƙoransa su yi fari fat, amma muddin wannan shimfiɗa tana nan, warin ba zai tafi ba.

Yadda ake yi shi ne a sami abin kankare harshe, na roba ko na ƙarfe, wanda ake sayarwa a manyan kemis da kantuna. Idan ba a samu ba, ƙaramin cokali da aka kifa yana yin aikin, buroshi mai laushi ma yana yi ko da yake bai kai su ba. A zaro harshe iyakar iyawa, a ɗora abin a can baya gwargwadon inda za a iya jurewa, a jawo shi zuwa gaba da ɗan dannawa kaɗan, a ɗauraye shi da ruwa, a maimaita kamar sau huɗu ko biyar har a ga ba abin da ke fitowa. Daga baya zuwa gaba ake ja kullum, ba a turawa ciki. A kwanakin farko yunƙurin amai zai zo, wannan ba abin tsoro ba ne. Yana raguwa idan aka riƙa fitar da numfashi a hankali lokacin da ake jan, kuma aka yi shi kafin a ci abinci ba bayan an ƙoshi ba. Cikin mako guda yawancin mutane sun saba, har suna iya kaiwa inda da farko ba sa iyawa.

Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, kuma ba a yi da ƙarfi. Na ga waɗanda takaicin warin ya sa suna dirzar harshe har ya yi jini, alhali jinin nan abinci ne ga ƙwayoyin da ake yaƙa, kuma rauni a harshe wata sabuwar matsala ce. Idan harshe ya yi zafi ko ja, a huta kwana biyu sannan a ci gaba da sassauci.

Mataki na uku: haƙora, dasashi, da abin da ke tsakaninsu

A goge haƙora sau biyu a rana, kowane karo minti biyu cikakku, da makilin mai sinadarin fuloraid, wato mai ƙarfafa haƙori. Na dare kafin a kwanta ya fi na safe muhimmanci, ko da yake shi ne aka fi sakaci da shi, domin duk abin da aka kwana da shi a baki zai sami awa bakwai ko takwas yana ruɓewa ba yawun da zai wanke shi. A zaɓi buroshi mai laushi, a karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa juya shi a hankali, a bi ta waje da ta ciki da saman turame. Bayan an gama a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure da ruwa nan take, don sinadarin ya zauna a kan haƙori. A canja buroshi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora, kuma mu mutane ne masu cin tsire da kilishi da balangu da ganda, waɗanda zarensu ke maƙalewa tsakanin turame ya kwana biyu ba a sani ba. Tsinken sakace yana fitar da babban yanki ne kawai, kuma yawan cusa shi da ƙarfi yana raunata dasashi. Abin da ya dace shi ne zaren sakace da ake sayarwa a kemis: a yanko kamar tsawon kamu ɗaya, a naɗe a yatsun tsakiya na hannu biyu, a zura shi a hankali tsakanin haƙora biyu, a lanƙwasa shi ya rungumi gefen haƙori ɗaya a goga sama da ƙasa, sannan a rungumi na kusa da shi. A yi haka ga kowane tsakani sau ɗaya a rana, da dare. Wanda ya fara zai iya ganin jini a kwanakin farko, kuma da yawa a nan suke dainawa suna zaton zaren ne ya ji musu ciwo. Akasin haka ne: dasashin da ke zubar da jini dasashi ne mai kumburi saboda dattin da ya daɗe a wurin, kuma idan aka dage, jinin yakan tsaya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan bai tsaya ba, a riƙe wannan a matsayin abin da za a kai wa likita.

Game da asuwaki, ba ni da shakka cewa alheri ne babba, kuma sunna ce da addini ya kwaɗaitar a kai a kowace sallah. Wanda ke yin sa sau biyar a rana da kyau ya riga ya yi nisa. Sai dai a kula da abubuwa biyu. Na ɗaya, a riƙa yanke bakin da aka tauna ana sabunta shi, a wanke shi a bar shi ya sha iska, kada a riƙa jefa shi a aljihu da danshinsa. Na biyu, siffarsa ta miƙaƙƙen sanda tana sa ya yi wuya a kai shi bayan turame da cikin haƙoran ƙasa, kuma ba ya shiga tsakani. Don haka a haɗa shi da buroshi da zare, kada a ce ya wadatar shi kaɗai. Amma goge haƙori da gawayi ko toka ko gishiri tsagwaronsa, wannan a bar shi, domin yana cinye ƙyallin haƙori, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Mai haƙoran roba ya cire su kowane dare, ya wanke su da buroshi na daban, ya jiƙa su a ruwa mai tsabta har safe. Kwana da su a baki sananniyar hanya ce ta wari da fararen ƙuraje a ganɗa.

Mataki na huɗu: a dawo da yawu

Yawu shi ne ruwan wankin baki da Allah Ya halitta, kuma lafiyayyen mutum yana samar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana. Duk abin da ya rage shi yana ƙara wari. A ƙasarmu zafin bazara da bushewar hunturu suna taimakawa, haka ma doguwar magana ga malamai da 'yan kasuwa, da barci baki buɗe ga masu minshari ko toshewar hanci. A riƙa kurɓar ruwa a kai a kai maimakon a jira ƙishirwa ta yi tsanani. Kada a tsallake karin kumallo, domin taunawa ita ce ke tayar da yawu, kuma abinci mai ɗan tauri kamar karas da gurji yana share harshe yayin da ake cin sa. Cingam marar sukari yana da amfani ta wannan fuska. Alewa mai sukari kuwa ciyar da ƙwayoyin take yi.

Akwai magunguna da yawa masu busar da baki, daga ciki har da na mura da ƙaiƙayi masu sa barci, da wasu na hawan jini masu sa fitsari, da wasu na damuwa da tabin hankali. Wanda ya lura warin ya fara ne bayan an ɗora shi a kan wani magani, kada ya daina sha da kansa, musamman na hawan jini. Ya koma wurin likitan da ya rubuta masa ya yi bayani, sau da yawa akwai madadi.

A watan azumi, dabarar tana tsakanin buɗa-baki da sahur: a sha ruwa isasshe a rarrabe cikin dare, a rage soye-soye da ɗanyar albasa a sahur, a kankare harshe a yi zare a goge baki bayan sahur kafin alfijir. Da rana kuma busasshen asuwaki yana nan, malamanmu na Malikiyya sun halatta shi duk tsawon yini.

Mataki na biyar: taba, goro, da ruwan kurkure baki

Sigari da shisha da tabar da ake cusawa a leɓe suna da nasu warin, suna busar da baki, suna kuma lalata dasashi ta hanyar da ke ɓoye alamar, domin dasashin mai shan taba ba ya saurin zubar da jini ko da ciwon ya yi nisa. Babu wata dabara da za ta kawar da warin baki ga wanda bai bar taba ba. Goro kuma yana barin ɓarɓashi tsakanin haƙora da jan datti a jikinsu, don haka wanda ba zai iya barinsa ba ya riƙa kurkure baki sosai bayan ya ci.

Ruwan kurkure baki na kwalba mataimaki ne, ba ya maye gurbin kankara da gogewa. Irin ruwan da ke da barasa a cikinsa yana iya ƙara bushewar baki, gara a guje shi. Mafi ƙarfi shi ne mai sinadarin da ake rubuta sunansa chlorhexidine a jikin kwalba, yana kashe ƙwayoyin sosai, amma yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa kuma yana dushe ɗanɗano, saboda haka ba a wuce mako biyu ana amfani da shi sai da umarnin likita, kuma a bar tazarar aƙalla rabin awa tsakaninsa da makilin. Ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri yana lallashin dasashi mai kumburi. Kanumfari da citta da na'ana'a ba su da laifi don ƙamshi na ɗan lokaci, muddin ba a ɗauke su magani ba.

Abin da nake roƙo a bari ƙwarai shi ne shan Flagyl ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da takardar likita ba. Gaskiya ne warin yakan ɗauke na 'yan kwanaki, wannan ne ma ke yaudarar mutane, amma yana dawowa da zarar an daina tunda maɓoyar ƙwayoyin tana nan, kuma maimaita shan yana sa magungunan su daina aiki ranar da ake matuƙar buƙatarsu.

A riƙe waɗannan matakai kullum ba fashi har mako biyu zuwa uku, sannan a koma wurin wanda ya yi gwajin farko ya sake shinshinawa. Mutane da yawa a nan matsalarsu take ƙarewa.

Mataki na shida: likitan haƙori

Idan warin bai gushe ba, lokacin zuwa asibiti ya yi, kuma wurin likitan haƙori za a fara. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, haka ma a manyan asibitocin jihohi da dama. Dattin da ya daɗe a gindin haƙori yana daskarewa ya zama kamar dutse, kuma daga nan babu buroshi ko asuwakin da zai cire shi sai na'urar likita, abin da ake kira wankin haƙori. Akwai jita-jitar cewa wankin yana sa haƙora su yi giɓi ko su yi girgiɗi. Abin da ke faruwa shi ne dutsen ya riga ya ci dasashi da ƙashin da ke riƙe da haƙorin, cire shi ne kawai ya bayyana ɓarnar. Barinsa kuwa shi ke kai wa ga faɗuwar haƙori.

Likitan zai duba ko ciwon dasashi ya yi zurfi har ya yi aljihu tsakanin haƙori da nama inda ruɓa ke taruwa, ko akwai kogon haƙori da abinci ke shiga, ko tsohon ciko da ya fashe, ko turmin ƙarshe da ya fito rabi nama ya rufe rabi, wanda ya zama ruwan dare ga matasa masu shekara 17 zuwa 25. Ranar zuwa kada a ci tafarnuwa, kada a tauna cingam ko a kurkure da ruwan ƙamshi, domin likita yana buƙatar ya ji warin yadda yake. A tafi da duk magungunan da ake sha. Mai juna biyu kada ta ji tsoron zuwa, dasashi yakan kumbura lokacin ciki kuma wankin haƙori ba ya cutar da ɗan tayi, ta dai sanar da likita halin da take ciki. Duk wani gyambo a baki ko harshe da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman ga mai shan taba, a nuna shi ba tare da jinkiri ba.

Mataki na bakwai: hanci, maƙogwaro, sannan sauran jiki

Idan likitan haƙori ya ce baki lafiya lau, sai a nufi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Murar da ta ƙi ƙarewa, da majina mai kauri da ke gangarawa ta bayan hanci zuwa maƙogwaro, da nauyin fuska ko goshi, alamu ne na ciwon kogunan ƙashin da ke kewaye da hanci. Akwai kuma tsokoki biyu a gefen maƙogwaro da ake kira tonsil, waɗanda a wasu mutane suke da ramuka inda wasu fararen ƙwayoyi kamar tsakin shinkafa ke taruwa, masu ɗoyi ƙwarai idan aka murƙushe su. Kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri yana taimakawa wajen fitar da su. Kada a sa tsinke ko wani abu mai tsini. Yanke beli a wurin wanzami ba ya maganin warin baki, kuma yana iya jawo zubar jini da shigar cuta.

Sai a ƙarshe ake zuwa batun ciki, wanda mutane suka fi farawa da shi. Bututun da ke kai abinci ciki a rufe yake in ban da lokacin haɗiya ko gyatsa, shi ya sa ciki ba kasafai yake zama tushen wari mai ɗorewa ba. Inda ake zarginsa shi ne idan akwai ƙwannafi mai yawa, da dawowar abinci ko ruwa mai tsami zuwa maƙogwaro. Amma akwai wasu kalolin wari da ke nuna babbar cuta, kuma ya kamata kowane gida ya san su. Numfashi mai ƙamshin 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, tare da yawan ƙishirwa da fitsari da kasala ko amai, alama ce ta ciwon sukari da ya hau matuƙa, kuma wannan na gaggawa ne a ranar. Numfashi mai zarni kamar fitsari, tare da kumburin ƙafa ko fuska, yana nuni ga ƙoda. Wari mai ɗan zaƙi-zaƙi kamar na rumfar da ta daɗe a rufe, tare da shawara a ido ko kumburin ciki, na hanta ne. Tarin da ya wuce mako biyu da kaki mai wari ko jini, da rama da gumin dare, yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin gwamnati. Ko babu waɗannan alamu, wanda ciwon dasashinsa ke yawan dawowa ya auna sukarinsa, domin cututtukan biyu suna ƙarfafa juna.

Idan yaro ne

Ƙaramin yaro da wari ya taso masa farat ɗaya, tare da majina mai ɗoyi daga ƙofar hanci guda ɗaya kawai, kusan kullum wani abu ya cusa a hancin: ƙwayar gyaɗa, ko wake, ko dutsen ado, ko guntun soso. Kada a yi ƙoƙarin zaƙulo shi a gida, a kai shi asibiti.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan haɗari, kuma ta shafi yankinmu kai tsaye. Yaro mai shekara 2 zuwa 6 wanda ke fama da tamowa, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, idan bakinsa ya fara ɗoyi mai tsanani, dasashinsa yana jini, yana dalalar da yawu, kumatunsa ya fara kumbura, ana tsoron cutar noma, wadda ba ta da alaƙa da noman gona sai kamar suna. Cikin 'yan kwanaki takan ci naman fuska da ƙashi, kuma mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa, alhali a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Uwar da ta ga waɗannan alamu kada ta jira a gwada turare ko shafe-shafe, ta kai yaron asibiti mafi kusa a ranar.

Idan kowa ya ce babu wari

Akwai waɗanda aka taɓa yi musu gori sau ɗaya, watakila tun suna makaranta, maganar ta zauna musu a rai. Likitan haƙori ya duba ya ce babu komai, na gida sun rantse ba sa jin komai, amma duk wanda ya taɓa hancinsa ko ya gyara zama sai su ɗauka saboda su ne. Wasu har sun daina shiga sahun gaba, sun ƙi neman aure, suna magana hannu a baki. Wannan wahala ce ta gaske kuma likitoci sun san ta, sai dai maganinta ba ya cikin ƙarin makilin ko cire haƙora masu lafiya. Idan mutum biyu amintattu da likita sun tabbatar a lokuta daban-daban cewa babu wari, amma zuciya ta ƙi natsuwa har abin yana hana mu'amala, to a nemi ganin likitan da ke kula da damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa, a kuma gaya masa tun yaushe abin ya fara da maganar da ta tayar da shi.

Wanda kuma yake zaune da mai warin baki na gaske, ya sani cewa shirunsa yana tsawaita wahalar ne. A zaɓi lokacin da babu kowa, ba cikin faɗa ba, ba gaban yara ko kishiya ko abokai ba. Mace tana iya ce wa mijinta: “Maigida, kwana biyu ina jin numfashinka ya canja, ina tsoron ko dasashi ne ko wani haƙori, don Allah mu je a duba.” Idan babba ne kamar mahaifi, a bi ta hannun wanda ba ya jin nauyinsa, ko a shirya zuwa wankin haƙori tare a ce na gida duka ne, a sayo abin kankare harshe guda biyu a ajiye masa ɗaya kusa da butarsa.